Sunayen Barikokinmu da Sauran Abubuwan Mamaki na Yaƙin Hitila

 Barkanmu da ganin wannan rana ta cikar shekara 50.

Tarihin Ikklisiyarmu an riga an ba waɗanda suka fi ni saninsa. Ni kuwa kwamitin biki ya ce in ja ku baya kaɗan, zuwa zamanin iyayen waɗanda suka kafa ta, wato shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, wanda tsofaffi suke kira Yaƙin Hitila. Yaranmu suna karanta shi a makaranta kamar rigimar Turawa ce da aka yi can ƙetaren teku. Ina so in nuna maku cewa yaƙin nan ya bi ta ƙofar gidanmu, ya kuma bar sawu a wuraren da muke wucewa kullum ba mu lura ba.

Zan fara da tambaya. Wanda ya san Kaduna ya san barikin Kalapanzin da barikin Dalet. A Zariya akwai barikin Chindit, inda ake horar da kuratan soja. A Ibadan akwai Letmauk. A Legas akwai Myohaung, da An, da Arakan, da Tamandu, da kuma Dodan, inda shugabannin mulkin soja suka zauna tun daga 1966 har aka koma Abuja a 1991. To, da wane harshe ne waɗannan sunaye? Bahaushe in ya ji Dodan Bariki sai ya zaci wani dodo ne yake zaune a ciki, ga shi kuwa waɗansu da suka zauna can sun sa zaton nan ya yi kama da gaskiya. Amma babu dodo a cikin sunan. Dukansu daga ƙasar Bama suka fito, yawancinsu sunayen koguna ne da ƙauyuka inda samarinmu suka yi yaƙi da Japanawa a 1944 da 1945. Kada mutanen Borno su ce nasu ne. Wannan Bama tana gabas da Indiya, ita ce ake kira Myanmar yanzu.

Kafin mu kai can, bari mu ga yadda yaƙin ya iso nan tukuna.

Tun ba a harba bindiga ko ɗaya ba, jita-jita ta riga ta cika kasuwanni cewa Ingila za ta miƙa wa Hitila Nijeriya domin ta sami zaman lafiya da shi. Maganar ba ta rasa tushe a kunnen mutane ba, gama Kamaru da ke maƙwabtaka da mu ta Jamus ce kafin yaƙin farko, Hitila kuwa yana ta neman a mayar masa da ƙasashen da aka ƙwace. Cikin wannan hali aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana edita. Ɗaya daga cikin ayyukanta na fari shi ne kashe irin wannan jita-jita. Ko sunanta ma ya nuna.

A watan Yuni 1940 Faransa ta faɗi a hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙi a gefen Hitila. Abu biyu suka same mu. Na fari, Nijar ta bi gwamnatin Faransa da ta yi sulhu da Jamus, sai ga mutumin Katsina da ɗan'uwansa na Maraɗi sun kwana a ɓangarori biyu masu gāba da juna, ba wanda ya shawarce su. Haka abin ya zauna har watan Nuwamba 1942. Na biyu, Bahar Rum ta zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, ga shi kuwa sojojinta a Masar suna bukatar jiragen sama na yaƙi. In an ce a kewaya da su ta ƙarshen Afirka ta Kudu, sai an yi watanni. Hanya ɗaya ta rage, a ratsa tsakiyar Afirka ta sama. Amma hanyar dole ta bi ta Chadi, Chadi kuwa ta Faransa ce.

Gwamnan Chadi a lokacin nan baƙin mutum ne kamar ni da ku, sunansa Félix Éboué. An haife shi a Guyana ta Faransa, can Amurka ta Kudu, jikan bayi ne da aka kwashe daga Afirka. Ran 26 ga Agusta 1940 ya tashi ya ce shi da Chadi ba su bin waɗanda suka durƙusa wa Hitila, suna bayan Janar de Gaulle. Manyan gwamnoni farare da yawa suna ta jinkiri suna duban inda iska za ta kaɗa, jikan bawa ya riga su. Ya rasu a Alkahira a 1944, daga baya Faransa ta kai ƙasusuwansa Panthéon, inda take ajiye manyan jarumawanta. Shi ne baƙin mutum na fari da aka yi wa haka.

Wata guda bai cika ba aka buɗe hanyar. Ga yadda ake yi. Ana kawo jiragen yaƙi a wargaje cikin manyan akwatunan katako zuwa Takoradi a Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Can za a haɗa su, a gwada, sa'an nan su tashi garke-garke, babban jirgi mai masanin hanya yana gaba, ƙanana suna biye kamar kaza da 'ya'yanta. Daga Takoradi sai Legas, sai Kano, sai Maiduguri, sai Fort Lami wanda tsofaffin alhazai suke kira Fallomi, sai El Geneina da El Fasher a Sudan, sai Khartum, daga nan su bi kogin Nilu har Masar. Tafiyar kusan mako guda ce. Hazo ya ɓatar da waɗansu, rairayi ya cinye injin waɗansu. Duk da haka, daga Satumba 1940 zuwa 1943 jirage sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Ku lura, ita ce fa tsohuwar hanyar da mahajjata suke bi da ƙafa da jakuna shekara da shekaru. Kano ta fara ganin jirgin sama a 1925, amma yaƙin nan ne ya mai da filin jirginta babban zango, har Amurkawa suka zo suka zauna a Kano da Maiduguri. Sa'ad da aka karya Jamusawa a El Alamein a ƙarshen 1942, da yawa daga jiragen da suka yi aikin sun sha mai a Kano.

Jamusawa sun san da hanyar. A watan Janairu 1942 jirginsu guda ɗaya tak ya taso daga kudancin Libiya, ya ratsa hamada, ya zubar da bama-bamai a filin jirgin Fort Lami, ya ƙone man jirgi mai yawan gaske. A kan hanyar komawa mansa ya ƙare, ya sauka a tsakiyar rairayi, mutanensa suka yi kwanaki kafin a cece su. Fort Lami ita ce N'Djamena ta yau. Wanda ya san Gamboru ya san ba nisa. Iyakar kusantar da bom ɗin Hitila ya yi mana ke nan, ya kuwa isa.

A cikin gari kuma talaka ya ji a jikinsa. Gishiri ya yi wuya, kananzir da yadi suka yi tsada. Aka yi ta tara gudummawar yaƙi daga sarakuna har 'yan makaranta, kwabo-kwabo, sule-sule. Kuɗin jirgin yaƙi ɗaya irin wanda ake kira Spitfire an ƙayyade shi fam 5,000. Abin da aka tara a ƙasar nan ya kai har rundunar sojan sama ta Ingila ta sa wa ƙungiyar jiragenta mai lamba 91 sunan Nijeriya. Mutanen da yawancinsu ba su taɓa shiga mota ba, su suka sayi jiragen sama.

Amma akwai abin da ya fi wannan ɗaci, ya kuwa shafi iyalai da yawa da suke zaune a nan yau. A farkon 1942 Japan ta cinye Malaya, ta kama Singafo ran 15 ga Fabrairu. Malaya ce babbar mai samar da kuza a daular Ingila, ba kuwa a yin gwangwanin abincin soja ko haɗa wayoyin na'ura sai da kuza. Sai ido ya dawo kan Jos. Gwamnati ta kafa dokar aikin tilas, aka raba wa lardunan Arewa adadin mutanen da kowanne zai kawo, hakimai da dagatai suka shiga ƙauyuka suna kama majiya ƙarfi. Mutane suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 kimanin mutum 100,000 aka kai ramukan kuza ta wannan hanya, kashi-kashi, kowane kashi ya yi watanninsa. Ku yi tunanin manomi daga ƙasa mai zafi, an kai shi tudun Filato cikin hunturu da 'yar riga ɗaya, yana wuni cikin ruwan sanyi yana haƙa, abinci bai isa ba, wurin kwana bukka ce mai yoyo. Da yawa ciwon haƙarƙari da sauran cututtuka suka kashe su. Da yawa suka gudu. A gida kuma gona ta kwana ba mai nomewa. A 1943 kuzar da aka haƙa ta wuce tan 17,000, ba a taɓa kai haka ba. Sai da surutu ya yi yawa har cikin Majalisar Dokokin Ingila aka soke dokar a 1944. A ganina wannan shi ne babban abin kunyar mulkin Turawa a shekarun nan, gama ana shelar yaƙin 'yanci ne ake yi, ana kuwa ɗaure mutane a kai su rami. Waɗannan ba su da bariki mai sunansu, ba su da lambar yabo.

Yanzu sai sojoji. Nijeriya ta ba da mutum sama da 100,000. Waɗansu sun shiga da son ransu saboda albashin sule ɗaya a rana, waɗansu kuwa sarki ne ya nuna su da yatsa. Fagen farko shi ne gabashin Afirka, inda Italiya ta mamaye Habasha tun 1936. Birged ta 23 ta sojan Nijeriya ita ce ta shiga Mogadishu ran 25 ga Fabrairu 1941. Daga nan ta juya arewa tana korar Italiyawa, ta fasa mashigin dutsen Marda, ta kai Harar kafin ƙarshen Maris. Sama da mil 1,000 cikin kimanin wata guda, masana yaƙi suna lissafta shi cikin kora mafi sauri da aka taɓa yi. Shi ya sa kuke jin Mogadishu a Kaduna da Abuja, da barikin Marda a Legas. Sarki Haile Selassie ya koma Addis Ababa ran 5 ga Mayu 1941, daidai shekara 5 rana bisa rana da shigar Italiyawa birnin.

Wanda ya rako sarkin daga Sudan wani hafsan Ingila ne mai suna Orde Wingate, ku riƙe sunan domin za mu sake gamuwa da shi. Mutum ne mai wuyar hali, amma ya tashi a gidan masu karanta Littafi Mai Tsarki, ya san Tsohon Alkawari kamar tafin hannunsa. Da aka ba shi 'yan mutane kaɗan ya fuskanci dubban Italiyawa, sai ya sa wa ƙungiyarsa sunan Gidiyon. Wanda ya karanta Littafin Mahukunta sura 7 ya san dalili. Dabarar ma iri ɗaya ce, a kai hari da dare, a sa abokin gāba ya zaci ana da yawa.

Tun da muna Habasha, ga wani abu da bai kamata in wuce ba. Mishan na SIM, wadda ta yi aiki a ƙasarmu, tana da ma'aikata a yankin Wolayta a kudancin Habasha. Italiyawa suka kore su a 1937, suka bar masu bi 48 da aka yi wa baftisma, da ɗan abin da aka fassara na Littafi cikin harshensu. Aka yi wa shugabanninsu bulala, aka kulle waɗansu. Da aka kori Italiya mishan suka komo, suna zaton za su tarar da kango. Suka tarar da masu bi sama da 10,000, ba Bature ko ɗaya a tsakaninsu dukan shekarun nan.

A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, daga Nijeriya, Gwalkwas, Saliyo da Gambiya, 'yan Nijeriya suka fi yawa. Ta 81 ta shiga jirgin ruwa ta kewaya ta Afirka ta Kudu, makonni a kan teku, har Bombay wadda ake kira Mumbai yanzu. Daga nan jirgin ƙasa ya ratsa Indiya da su zuwa bakin iyakar Bama. Akwai waɗanda ba su taɓa ganin ruwan da ya fi Kogin Kaduna ba sai ran nan.

Kowace runduna tana da alamar da ake ɗinka wa soja a kafaɗa. Turawa sukan zaɓi zaki, ko damisa, ko takobi. Ku faɗa mani abin da runduna ta 81 ta zaɓa. Gizo! Baƙin gizo-gizo a kan rawaya. An ɗauko shi daga tatsuniyoyin Ashanti inda suke kiransa Ananse, shi ne dai Gizon namu na Ƙoƙi, mai cin manyan dabbobi da wayo. Runduna ta 82 kuwa ta sa māsu biyu a gicciye bisa gammo. I, gammon da mata suke ɗora tulu a kai.

Gammon nan ba ado ba ne. Inda aka tura su, kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, duwatsu ne masu tsayi da kurmin gora, ba hanya. Mota ba ta shiga, alfadari ma da ƙyar. Saboda haka dubban sojojinmu aikinsu ɗaukar kaya ne a ka, harsashi, abinci, magani, har manyan bindigogi da aka kwance gunduwa-gunduwa. Da yawansu ba a ba su bindiga ba sai adda. Abin da Turawa suke gani alamar ci baya ne, shi ya ba rundunar ikon bin inda Japanawa ba su yi tsammani ba. Da adda da diga suka sare hanyar jif mai tsawon kimanin mil 75 cikin kurmi, aka sa mata sunan Hanyar Afirka ta Yamma. Bayan haka ba abin da yake zuwa masu ta ƙasa. Jiragen sama ne suke jefo masu abinci da laima. Runduna ta 81 ita ce babbar runduna ta fari a sojan Ingila da aka ciyar da ita ta sama ɗungum wata da watanni. Tsohon aiki da sabon aiki suka gamu a wuri ɗaya, jirgi ya sako, gammo ya ɗauka. Ga damina wadda ba mu san irinta ba, ga matsattsaku, ga zazzaɓi da atini, waɗanda suka kwantar da mutane fiye da harsashi.

Da wane harshe ake magana cikin wannan taro? A bataliyoyin Nijeriya Hausa ce harshen bariki tun da daɗewa, ko da yake a lokacin yaƙi hukuma ta matsa a koyi Turanci. Bachama da Tibi da Angas da Bajju da Babarbare, in sun zauna cin abinci a kurmin Bama, da Hausa suke hira. Mutane da yawa daga ƙabilunmu a soja suka koyi Hausa da karatu, suka komo da su ƙauye. Har ma a Gwalkwas, taken rundunar sojansu kalmomi biyu ne na Hausa, Kullum Shiri. Wani abin dariya kuma, da hafsoshin Ingila suka yi ƙaranci, sai aka aro hafsoshi fiye da 200 'yan ƙasar Polan, waɗanda Jamus ta cinye ƙasarsu, aka turo su Afirka ta Yamma. Ga mutumin Polan da guntun Turancinsa, ga kurtu da guntuwar Hausarsa, a haka aka yi fareti.

Wingate da na ce ku riƙe, shi ma an kai shi Bama. Ya kafa wata runduna ta musamman mai shiga can bayan Japanawa ta yanke masu hanyar jirgin ƙasa. Sunanta Chindit, daga Chinthe, wato siffar zaki da ake ginawa a ƙofar haikalin mutanen Bama. Aka ba shi bataliyoyi uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12. A 1944 aka kai su da jiragen sama aka sauke a tsakiyar ƙasar abokan gāba, suka tsare sansanonin da aka kafa can, suka sha hare-hare dare da rana. Wingate kansa ya mutu a haɗarin jirgi ran 24 ga Maris 1944. Sunan barikin Zariya ke nan. Myohaung kuwa tsohon birnin sarakunan Arakan ne, rundunonin biyu suka haɗu suka kama shi a watan Janairu 1945. Dalet, Tamandu, An da Letmauk suna kudu da nan, inda runduna ta 82 ta ci gaba da yaƙi har damina ta sauka.

Yaƙi ya ƙare a watan Agusta 1945, bayan bom ɗin Hiroshima da Nagasaki. Ko wannan ma da hannun Afirka a ciki, gama yawancin ma'adinin yuraniyom da aka yi aikin da shi daga ramin Shinkolobwe na Kwango aka haƙo. Samarinmu da yawa sai 1946 suka ga gida, saboda jiragen ruwa sun fara kwasar Turawa tukuna. A wannan shekara ce kuma aka hana yi wa sojan Afirka bulala, abin da aka daɗe da hanawa ga sojan Ingila. Kuɗin sallamar da aka ba su bai kama ƙafar na Bature mai igiya ɗaya da su ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A Accra 'yan mazan jiya suka yi jerin gwano ran 28 ga Fabrairu 1948 domin su kai kukansu ga gwamna, aka harbe uku, Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ita ta buɗe hanyar da ta kai Ghana ga mulkin kai a 1957. Waɗanda ba su komo ba kuwa, sunayen da yawansu suna rubuce a jikin ginshiƙan tunawa a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba.

Cikin dubban nan bari in ba ku labarin mutum ɗaya, domin shi ya rubuta nasa da hannunsa. Sunansa Isaac Fadoyebo, Bayarabe ne Kirista daga Emure-Ile kusa da Owo. Ya shiga soja a 1942 yana da shekara 16, aka sa shi aikin jinya a asibitin tafi-da-gidanka na runduna ta 81. Da safiyar 2 ga Maris 1944 suna bakin kogin Kaladan, Japanawa suka buɗe masu wuta daga ƙetare. Aka kashe abokan aikinsa da yawa. Shi kuwa harsashi ya farfasa masa ƙafa, wani ya same shi a jiki. Japanawa suka zo suka dube shi, suka ga ba zai kwana ba, suka bar shi. Rundunarsa ta ja da baya. Aka aika gida cewa ya ɓace.

Bai mutu ba. Ya gamu da wani sojan Saliyo mai suna David Kargbo, shi ma da rauni. Mutanen ƙauyen wurin Musulmi ne, matalauta, irin waɗanda duniya ta sani yau da sunan Rohingya. Su biyun suka ce masu su ma Musulmi ne. Na san akwai mai ɗaga gira a nan. Ni dai ba zan yanke wa yaro ɗan shekara 18 hukunci ba, yana kwance cikin jininsa a ƙasar da bai san kowa ba, ni kuwa ina tsaye a inuwa da cikakken ciki. Mutanen ƙauye suka riƙa kawo masu shinkafa da ruwa a ɓoye cikin kurmi. Daga baya wani manomi mai suna Shuyiman ya ɗauke su ya kai gidansa, ya ɓoye su tare da iyalinsa. Ku tuna Japanawa ne suke riƙe da yankin, suna sintiri. Da sun gane, da shi da matarsa da 'ya'yansa ba mai tsira. Ba danginsa ba ne, ba launinsa ba, ba su jin harshensa sai abin da suka tsinta, ba su da ko anini da za su ba shi. 'Yan makarantar Lahadi sun san wane misali ne wannan yake tuna mana cikin Luka sura 10.

Wata 9 suka yi a haka. A watan Disamba 1944 sojojin Gurka, mutanen Nepal masu yi wa Ingila yaƙi, suka iso ƙauyen suka ɗauke su. Sa'ad da Isaac ya koma garinsu, mutane suka riƙa watsa masa ƙasa kafin su taɓa shi, domin a al'adarsu in fatalwa ce za ta ɓace. Bai ɓace ba. Ya yi aikin gwamnati a Legas, ya yi iyali, yana ɗingishi har ƙarshen ransa.

Abu ɗaya ya dame shi, bai sami hanyar yi wa Shuyiman godiya yadda ya kamata ba. Sai a 2011, bayan shekara 67, wani ɗan jarida Baturen Ingila mai suna Barnaby Phillips ya karɓi wasiƙa daga hannunsa, ya tafi Myanmar, ya bi kogin Kaladan yana tambaya ƙauye-ƙauye. Ya sami gidan. Shuyiman ya daɗe da rasuwa, amma 'ya'yansa da jikokinsa suna nan, suna kuma tune da baƙaƙen sojoji biyu da mahaifinsu ya ɓoye. Aka karanta masu wasiƙar, suka yi kuka. Tashar Al Jazeera ta nuna wannan a wani fim a shekarar nan. Isaac ya rasu a watan Nuwamba 2012. A wannan shekara rikici ya ɓarke a yankin tsakanin 'yan addinin Buddha da Musulmi, a 2017 kuma Rohingya sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh daga hannun sojan Myanmar. Yankin da suka baro shi ne Arakan, wanda barikin Apapa yake ɗauke da sunansa.